Kun Tambaya, Mun Amsa: Zagaya Dutsen Mont Blanc a Ƙafa

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan tafiyar ƙasa da ake yi a tsaunukan Alps, wadda ake zagaya dutsen Mont Blanc ana kwana a masaukan kan tsauni. Mun haɗa masu kama da juna wuri ɗaya.

Na ji ana tafiyar kwanaki a ƙafa tsakanin Faransa da Italiya da Suwizalan. Sai wanda ya iya hawa dutse da igiya ne ke yin ta? (Mai karatu daga Zariya)

A'a, Malam, babu igiya a cikin lamarin. Ƙolin Mont Blanc ya haura mita 4,800, hawansa kuwa aikin gwanayen ƙanƙara ne. Wannan tafiya zagaye ce: dutsen yana tsakiya, kai kana bin kwaruruka da mashigan da ke kewaye da shi. Tsawonta kusan kilomita 170 ne, kuma akasari ana gama ta cikin kwana 10 ko 11. An fi tashi daga Les Houches kusa da garin Chamonix, a bi ta Les Contamines, a haura mashigin Bonhomme, a shiga Italiya ta mashigin Seigne mai tsayin mita 2,516, a sauka Courmayeur. Daga nan sai mashigin Grand Col Ferret, mita 2,537, wanda shi ne ƙofar Suwizalan, a ratsa La Fouly da Champex da Trient, a koma Faransa ta mashigin Balme. Wuri mafi tsayi da ake takawa shi ne mita 2,665, kuma ko shi yana kan hanyoyin ratse ne da ake iya kaucewa. Idan kana son ma'auni, Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Akwai wuri ɗaya bayan Tré-le-Champ da ake hawa tsanin ƙarfe da aka kafe a jikin dutse, amma mai jin jiri yana da wata hanyar.

Shekaruna 52, lafiyata lau, ina tattaki kullum da asuba. Zan iya? (Daga Kano)

Shekarun ba su ne matsalar ba, Alhaji, ana ganin waɗanda suka girme ka a hanyar. Tattakin ne muke shakka. Tafiya a shimfiɗaɗɗen titi daban, wannan daban. A kowace rana za ka yi kilomita 15 zuwa 20, ka hau tudu na mita 800 zuwa 1,200, sannan ka sauko kwatankwacin haka, awa shida zuwa takwas kana kan ƙafa. Jimillar hawan duka ta kai mita 10,000, saukar ma haka.

Mutane suna tsoron hawa, alhali sauka ce ke kayar da su. A hawa numfashi ne ke wahala, ka tsaya minti biyu ya dawo. A sauka kuwa naman gaban cinya ne ke taka wa jiki birki a kowane taku, gwiwa tana ɗaukar nauyinka da na jaka, ciwon kuma ba ya bayyana sai washegari. Rana ta farko kowa jarumi ne. A rana ta uku da ta huɗu ake gane wanda ya shirya, domin gajiyar jiya ba ta gama fita ba aka ɗora mata ta yau. Saukar ƙarshe daga tsaunin Brévent zuwa Les Houches kaɗai ta kai mita 1,500 a tashi ɗaya, ga shi tana zuwa ne lokacin da ƙafa ta riga ta yi laushi.

Saboda haka ka ba kanka wata uku ko huɗu. Ka nemi tudu ko matakala: ta Dutsen Dala ta isa a fara da ita, ko benen da ya fi tsayi a kusa da kai. Ka riƙa hawa da sauka da jaka mai kilo biyar a baya, sau uku a mako, kana ƙara lokaci har ka kai awa guda ba tsayawa. Saukar ma da ƙafa, kada ka ce lif zai sauko da kai. A watan ƙarshe ka yi tafiyar awa biyar ranar Asabar, ka maimaita ta ranar Lahadi, ta Lahadin ce jarrabawar. Wanda ke kusa da Jos ya ci riba, tsaunukan Shere suna nan. Ka sayi sandunan dogarawa guda biyu ka saba da su tun a gida. Idan kuma akwai hawan jini ko ciwon suga ko tsohon ciwon gwiwa, ka fara da likita.

Yaya wurin kwanan yake? Ni mace ce, da ƙanwata za mu je. (Wata baiwar Allah daga Maraɗi)

Hajiya, gara ki ji tun yanzu: yawancin masaukan kan tsauni, waɗanda Faransawa ke kira refuge, Italiyawa kuma rifugio, ɗakin kwanansu na taro ne, gadaje masu hawa biyu, maza da mata a haɗe. Wasu suna da ƙananan ɗakuna na mutum biyu zuwa huɗu, kuma su ake fara kamewa. Ana buɗe rajistar bazara tun ƙarshen shekarar da ta gabace ta, masaukai irin su Bonatti da Elisabetta kan cika watanni kafin lokaci. Ki sa kamfanin da zai shirya muku tafiyar ya rubuta miki dare nawa ne za ku samu ɗaki ku biyu, dare nawa ne na taro. Akwai tsarin da ake saukowa ƙauyukan kwari a kwana a otel kusan kowane dare. Ya fi tsada, amma ya raba ku da wannan damuwar.

Dokokin gidan ba su da yawa. Ana cire takalmi a ɗakin ƙofa a sa silifas. Suna ba da bargo da matashi, amma dole kowa ya zo da siririn zanen kwana mai kamar buhu da zai shiga ciki. Wasu masaukan ba sa barin jaka ta shiga ɗakin kwana saboda kuɗin cizo, ba wulaƙanci ba ne. Ruwan zafi na wanka a wasu wuraren sai an jefa kwabo na musamman, ya zuba na 'yan mintuna ya ɗauke. Wurin cajin waya kaɗan ne. Ƙarfe 10 na dare a yi tsit. Ki tafi da abin toshe kunne, domin ɗakin mutum ashirin ba ya rasa mai minshari.

Batun sutura kuwa, hijabi ba ya hana komai. Doguwar riga mai jan ƙasa ce haɗari a kan duwatsu da tsani. Wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa sun wadatar. Sannan Faransancinki zai yi miki aiki a duk zagayen, domin ɓangaren Suwizalan ɗin da shi suke magana, a yankin Courmayeur ma ana jin sa.

Ina batun abinci da salla? (Daga Kaduna)

Kuɗin kwana yakan haɗa da abincin dare da karin kumallo. Ana zuba na dare wajen ƙarfe 7, kowa da kowa a lokaci ɗaya, kuma abin da aka dafa shi za a ci: miya, babban abinci, cuku, ɗan kayan zaƙi. Girkin yankin yana ji da naman alade. Yana ɓoye cikin tsiran da suke kira diots, da ƙananan gutsattsari a cikin dankali da cuku, wani lokaci har a romon miya. Narkakken cukun da ake tsoma burodi a ciki kuma da giya ake haɗa shi. Cewa "ban da alade" kaɗai ba ta isa ba, tunda naman sa da kajin ma ba yankan Musulmi ba ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka yi rajista a matsayin wanda ba ya cin nama tun ranar biyan kuɗi, ka kuma tuna musu da ka iso da yamma. Mai girki a kan tsauni ba shi da kasuwar da zai aika idan ka faɗa masa ƙarfe bakwai saura kwata.

Kada ka ɗauko kilishi ko dambun nama. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, za a ƙwace a filin jirgi. Dabino ba a hana shi ba. Gyaɗa da kifin gwangwani ka saya a Chamonix ko Courmayeur.

Alƙibla daga can tana kudu maso gabas. A ƙarshen Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, alfijir kuma yana ketowa tun kafin ƙarfe 4, wato lokacin isha yakan shiga bayan an kashe fitila. Ka zauna da malaminka kafin tafiya a kan ƙasaru da haɗa salloli ga matafiyi. Ka ajiye tocila da rigar sanyi kusa da kai don ka fita sallar asuba ba tare da ka tashi ɗaki ba.

Tunda hanyar tana da alamu, me ya sa zan biya jagora? (Daga Yamai)

Ranar da gari ya yi garau, gaskiya ba ka buƙatarsa don gane hanya. Amfaninsa yana fitowa ne ranar da hazo ya rufe mashigi, ko dusar ƙanƙara ta binne alamun, ko hadari ya taso. A bazara tsawa ta fi faɗowa da rana tsaka zuwa la'asar, shi ya sa jagora ke tayar da mutane da sassafe don a tsallake mashigi kafin azahar. Shi ne kuma zai ce yau a bar hanyar sama, ko ya sa mai ciwon gwiwa a motar haya zuwa zango na gaba. Ka tambayi shaidarsa: ta Faransa ita ce accompagnateur en moyenne montagne, ta ƙasa da ƙasa kuma UIMLA. Ka tambayi yawan mutanen ayarin, da ko ana kai muku babbar jaka da mota, da darare nawa ne jakar ba za ta iso ba saboda babu titi.

Biza uku zan nema? (Daga Sakkwato)

Ɗaya ce, ta Schengen, tunda ƙasashen uku duk suna ciki. Ana nema a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa, galibi Faransa, kuma ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya. Sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ka duba ko ta ƙunshi ceto da jirgi mai saukar ungulu, domin a Suwizalan biya ake yi. Fasfo ya kasance a jikinka ko da babu shinge a mashigan. Ka riƙe tsabar kuɗi, ba kowane masauki ke karɓar kati ba, Suwizalan kuma kuɗinta daban ne da Yuro.

Wane wata ya fi, kuma me zan ɗauka? (Daga Bauchi)

Masaukan suna aiki daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. A Yuni akwai sauran dusar ƙanƙara a mashigai, takan daskare da safe ta yi santsi. Makon ƙarshe na Agusta gasar gudun zagaya dutsen, wato UTMB, ke cika hanyar. Ga sabon shiga, tsakiyar Yuli ko farkon Satumba sun fi.

Jakar goyo mai lita 30 zuwa 40, kada ta wuce kilo 8 har da ruwa lita ɗaya da rabi. Rigar ruwa da wandonta, rigar ɗumi, hular sanyi, safar hannu, tabarau da man kariya daga rana. Sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da ka hau, ga iska a mashigi. Ka guji rigar auduga: tana shan gumi ta ƙi bushewa, da ka tsaya sai ta koma kamar ƙanƙara a jiki. Takalmi ya ɗara ƙafarka kaɗan don kada yatsu su riƙa dukan gaba a gangara har farce ya mutu, kuma ka yi makonni kana tafiya da shi kafin ka tashi. Da ka ji wani wuri ya fara zafi a dunduniya, ka tsaya nan take ka manna filasta tun bai zama bororo ba. Ruwan famfon ƙauyuka ana sha, sai inda aka rubuta non potable, amma kada ka ɗebi na rafin da shanu ke kiwo a samansa. Lambar neman agaji 112 ce a ƙasashen uku.