Kafin ki sa hannu a takardar motar lantarkin nan, ina za ki yi caji?

Wata 'yar'uwa ce ta rubuto daga Birmingham a Ingila, tana aikin kula da tsofaffi gida-gida a kan bizar aikin kula da lafiya, saura wata 20 bizar ta ƙare. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Ina da ƙaramar Toyota Yaris ta 2012 mai fetur, lafiyarta ƙalau, ina cin kusan mil 12,000 a shekara saboda zagayen aiki, kuma kuɗin mai yana damuna. Wani ɗan'uwanmu a gurup ɗin WhatsApp ya ce zai haɗa ni da motar lantarki a tsarin bashin mota na PCP (ana biya wata-wata, a ƙarshe a biya dunƙulallen kuɗi a mallaki motar ko a mayar da ita), kafin alƙalami fam 1,500, sai fam 289 duk wata har shekara 4, takardar ta ce mil 6,000 a shekara, abin da ya hau peni 10 kowane mil. Shi kuma ladansa fam 500. Ya ce 2030 za a hana motocin fetur. Yayana a gida ya ce in karɓa, kuɗin man da zan rage in ƙara a kan abin da nake turowa, in an kwana biyu kuma in turo masa motar. Ɗaki nake haya a saman bene, a bakin titi nake ajiye mota. Na kasa barci, me zan yi?"

Ƙanwata, kar ki sa hannu. Ba don motar lantarki ba ta da kyau ba, tana da kyau ƙwarai, na san waɗanda suka huta da ita sosai. Amma amsar tambayarki tana nan a ƙarshen wasiƙarki, inda kika ce a saman bene kike kuma a bakin titi kike ajiye mota. Arhar motar lantarki a ƙasar nan kusan gaba ɗaya a wajen caji take, kuma ke ba ki da wajen.

Bari mu yi lissafin tare da farashin 2025, ki ɗauko biro. Litar fetur ta yi ta yawo wajen peni 135 zuwa 140, ƙaramar mota irin taki tana cin kamar mil 45 a galan, to kowane mil yana cin miki wajen peni 14, a mil 12,000 kin kashe kusan fam 1,700 a shekara. Motar lantarki matsakaiciya kuma tana yin kamar mil uku da rabi a yunit ɗaya na wuta. Wanda yake da fili a ƙofar gidansa ya kafa caja ya shiga tsarin wutar dare mai rahusa yana samun yunit a wajen peni 7, mil ɗaya peni 2 ke nan, shekararsa duka ba ta wuce fam 250 ba, kuma wannan lissafin shi ne ejan ɗinki, ɗan'uwan nan na WhatsApp, yake nuna miki. Wanda yake caji a gida da farashin wuta na yau da kullum, wajen peni 27, mil ɗinsa peni 8. Ke fa? Ke cajar waje ce taki, masu saurin nan na gidajen mai da bakin manyan kantuna suna kaiwa peni 75 har sama, mil ɗaya ya haura peni 21, a shekara kin doshi fam 2,600. Kin ga ke nan sai ki biya fiye da abin da kike biya a fetur yanzu. Ko cajojin unguwa marasa sauri kika samu a wajen peni 50, kunnen doki kika yi da fetur, ba ki rage ko sisi ba. Har harajin VAT ma ba ɗaya ba ne, wutar gida kashi 5 ce, cajar waje kuwa kashi 20 aka daɗe ana ɗora mata.

Kuma ki hango ranar aikinki. Kin fito daga gidan wata tsohuwa ƙarfe goma, wani dattijo yana jiranki goma da rabi ki ba shi magani ki taimaka masa ya yi wanka, ga watan Janairu sanyi ya rage wa batir tafiya domin hita daga batirin take sha, kin isa caja kin tarar da mota biyu a layi ko kuma ta lalace. Wannan minti arba'in ɗin babu mai biyanki shi, kuma manajanki ba zai karɓi uzurin kullum ba, ke kuwa bizarki a hannun kamfanin nan take. Kar ma ki yi tunanin jawo waya ta taga daga sama ta ratsa hanyar masu tafiya a ƙasa, mai gidan haya ba zai yarda ba, wani ya yi tuntuɓe kuma ke za a nema.

Inda lantarki ta fi fetur da gaske zan faɗa miki don kar ki ce na rufe: babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu kuloc, babu salansa da zai ruɓe, birki yana daɗewa domin motar tana rage gudu da injinta. Sabis ɗinta ya fi sauƙi. Sai dai nauyin batir yana cin taya, inshorarta sau da yawa ta fi tsada domin gyaranta bayan haɗari ba kowane gareji ke iyawa ba, kuma garaɓasar harajin hanya ta ƙare tun 1 ga Afrilu 2025, daga ranar masu lantarki ma suka shiga biya, yawancinsu fam 195 a shekarar. Gwamnati kuma ta sanar a kasafin Nuwamba 2025 cewa daga Afrilu 2028 za a fara karɓar peni 3 a kowane mil daga motocin lantarki, a tafiyarki fam 360 ke nan a shekara. MOT kuwa, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, duk motar da ta cika shekara 3 sai ta yi, fetur ce ko lantarki.

To yanzu takardar kanta, a nan ne raina ya ɓaci. Fam 289 sau 48 fam 13,872 ne, ki haɗa da kafin alƙalami ya zama 15,372, kuma bayan duk wannan motar ba taki ba ce sai kin biya dunƙulallen kuɗin ƙarshe, in ba haka ba ki mayar musu da makulli. Sannan ya rubuta miki mil 6,000 alhali ya san 12,000 kike yi, don kuɗin wata ya fito ƙarami ya burge ki. Rarar mil 6,000 sau shekara 4 mil 24,000 ne, a peni 10 fam 2,400 na jiranki ranar mayarwa. Wannan da gangan ya yi shi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne bashin wata 48 a kan bizar wata 20. Ina miki fatan a sabunta, in sha Allah za a sabunta, amma kin san yadda harkar take, kamfani zai iya rasa lasisin ɗaukar baƙi dare ɗaya, a rage bizar mutum a ba shi kwana 60 ya nemo wani ko ya tattara. Kamfanin bashi kuwa ba ruwansa, duk wata zai cire. Dokar bashi ta 1974 ta ba ki damar mayar da mota ki fita in kin biya rabin jimillar kuɗin, amma a PCP ana haɗawa da dunƙulallen kuɗin ƙarshen nan a lissafin, shi ya sa ba a kaiwa rabin sai can an yi nisa sosai. Motocin lantarki kuma darajarsu ta faɗi da sauri a 'yan shekarun nan, in kika so fita da wuri za ki iya tarar da bashin ya fi kuɗin motar.

Ejan ɗin nan kuma, ƙanwata, ki bar ganin yana jin Hausa yana ce miki Hajiya. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Akwai wani bawan Allah da irinsu suka gyara masa takardar albashi don bashi ya fito, shi bai ma karanta ba, da asiri ya tonu sunansa aka sa a rajistar masu zamba, bankinsa ya rufe masa asusu, ejan ya canza lamba. Wata kuma inshora ya saya mata mai arha ashe ta bogi ce, ta sani ne ranar da 'yan sanda suka tsayar da ita suka ɗauke motar, aka sa mata maki 6 na laifi a lasin. Duk mai haɗa mutane da bashin mota dole ya kasance a rajistar hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi ko yana ƙarƙashin wanda yake ciki, rajistar tana intanet kyauta, ki tambaye shi lambarsa ki duba, za ki ga yadda zai fara kame-kame. Zancen 2030 ma rabin gaskiya ya faɗa miki, sayar da sababbin motoci masu fetur zalla za a daina, babu wanda zai hana ki tuƙa taki ko sayar da ita. In kuma ya tsorata ki da yankin iska mai tsabta na tsakiyar Birmingham da ake biyan fam 8 a rana, motar fetur ta 2012 ta wuce mizanin hayaƙi na Euro 4 da suke nema, ki sa lambarta a shafin gwamnati ki gani da idonki.

Sai Yaya. Ina girmama shi, babba ne, amma a nan ina bayanki ɗari bisa ɗari. Ya riga ya raba kuɗin da bai wanzu ba. Motar da ke kan PCP ta kamfanin bashi ce, ba ki da ikon sayar da ita balle ki sa ta a jirgi, yin haka laifi ne da zai iya taɓa zamanki a ƙasar, ga shi kuma sitiyarinta a dama yake. Zumunci wajibi ne kuma na san kina yi, amma ba a ce ki ɗaure wuyanki da bashin da sunanki kaɗai ke kai ba, ranar da wasiƙar masu karɓar bashi ta zo ƙofarki za ta faɗo, ba tasa ba. Mace tana tashi da asuba cikin sanyi tana ɗaga tsofaffi har bayanta ya ƙage, a ce abin da za a fara tambaya shi ne nawa za ta ƙara, wannan bai dace ba, kuma ya kamata 'yan'uwa a gida su ji tsoron Allah a kan ƙannensu da ke waje. Kar ki yi masa rashin kunya. Ki tura masa lissafin nan a rubuce, ki ce Yaya na duba babu rarar da za ta fito, abin da na saba turowa shi zan iya. In zai yi fushi ya yi na sati biyu.

Ki riƙe Yaris ɗinki. Mota ce da kin gama biya, darajarta ta gama faɗuwa, ko gyaran fam 600 ta ci miki a shekara bai kai biyan wata uku na waccan ba. Ki duba abu biyu a satin nan. Ki tabbatar inshorarki ta ƙunshi amfani don aiki, domin zagaye daga gidan wannan zuwa na wancan ba ya shiga inshorar zuwa aiki da dawowa kawai, mutanenmu da yawa a nan suke faɗawa. Sannan ki riƙa rubuta mil ɗin da kike yi tsakanin gidajen, a 2025 ma'aunin HMRC, hukumar harajin ƙasar nan, peni 45 ne kowane mil a mil 10,000 na farko, in kamfaninki yana biyanki ƙasa da haka kina iya neman rangwamen haraji a kan bambancin, har na shekara 4 baya, da kanki za ki cika a shafinsu ba sai kin ba wani kaso ba.

Ranar da bizarki ta daidaita kika koma gida mai fili a gaba, ki sake rubuto min mu duba lantarki ta hannu da za ki saya kuɗi hannu, mai sauran garantin batir, yawanci shekara 8 ne ko mil 100,000, a kuma gwada lafiyar batirin kafin ki biya. In kuma kin riga kin sa hannu kika ji nauyin faɗa min, kina da kwana 14 na janyewa daga yarjejeniyar bashin, sai dai janyewar ba ita kaɗai ke soke cinikin motar ba, don haka gobe da safe ki je ofishin ba da shawara na Citizens Advice da takardun duka, kyauta ne, kuma kar ki tura wa mutumin nan fam 500 ɗin.