Kwamfuta ta ce 48, guduma ta ce 41, wa zan yarda da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin injiniya ne, na zana wani firam na ƙarfe a manhajar ANSYS don in ga firikwensin da yake jijjiga a kai, ya ba ni Hz 48 (wato jijjiga 48 a daƙiƙa), amma da muka buga shi da guduma muka auna da sensa sai ga 41. Na ƙara ƙanƙanta raga (ƙananan gutsattsarin da manhajar ke yanka zanen) har sau uku bai sauko ba. Shin FEM ɗin nan, hanyar lissafin da manhajar ke bi, abin dogaro ne kuwa?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. Ka yarda da guduma tukuna. FEM ba ƙarya yake ba, tun 1960 da Ray Clough ya raɗa masa suna ake aiki da shi, amma abin da ka faɗa masa shi zai lissafa maka.

Ragar ba ita ce matsalarka ba. Gaskiya ne raga mai manyan idanu tana sa abu ya yi tauri fiye da kima sai firikwensi ya hau, amma tunda ka ƙanƙanta sau uku lambar ba ta motsa ba to an gama da wannan.

Duba nan. Firikwensi na bin tushen murabba'in tauri a raba da nauyi, wato daga 48 zuwa 41 taurin gaske ya gaza na kwamfuta da kusan kashi 27 cikin ɗari, kuma ƙarfe ba ya bambanta haka, taurinsa na nan wajen GPa 200 zuwa 210. Ina kyautata zaton ka kafe ƙafafun firam ɗin ne ƙam kamar an dasa su a dutse, ka kuma manne mahaɗai kamar walda ce alhali noti ne ya riƙe su, shi kuwa noti komai ɗaurinsa yana ɗan bada kai. Nan ne ake yawan faɗuwa wallahi, kuma abin na damuna don ba a cika koyar da shi ba.

Ka rataye firam ɗin da roba mai laushi ka sake bugawa, ka cire duk kafewa a kwamfuta ka kwatanta. In sun zo kusa, laifin na ƙafafu ne, sai ka sa musu sifirin (spring) a lissafi. In ba su zo ba ka koma mahaɗai, ka kuma ɗora shi a sikeli ka ga ko nauyin ya yi daidai. Yadda jijjigar ke mutuwa kuwa kar ka ƙiyasta, daga awon nan zaka ɗauko shi.