Tambaya da Amsa: Kwamfutar ta ci jarrabawa a gida, ta faɗi a waje

Tambaya: Malam, na horar da kwamfuta ta bambance masu ciwon daji da lafiyayyu daga bayanan ƙwayoyin gado na mutum 60. Ta samu kashi 97 cikin 100. Da aka kawo samfurin wani asibiti, sai ta koma canki-canka. Ina gizo ke saƙar? Wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, zatona tun kafin ki raba mutanen gida biyu, na horo da na gwaji, kika zaɓi ƙwayoyin da za a duba. Wannan satar amsa ce, domin bayanan mutanen gwajin sun riga sun shiga zaɓen. Ƙwayoyin gadon ɗan Adam masu haɗa furotin kusan 20,000 ne. Idan kika gwada kowacce a ma'aunin 0.05, wato ma'aunin da ke barin kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin da ba su da alaƙa da cutar su wuce bisa sa'a kawai, ko da babu wata alaƙa, kusan 1,000 za su fito kamar da gaske.

Ki raba mutanen kashi 5. A kowane zagaye ki ɓoye kashi ɗaya, ki yi zaɓen da horon daga huɗun kaɗai, sannan ki gwada kwamfutar a kan wanda kika ɓoye. Hanyar Benjamini da Hochberg ta 1995, wata dabarar lissafi da ake amfani da ita idan ana gwada abubuwa da yawa a lokaci ɗaya, tana rage sakamakon bogi.

Ki kuma duba ranar aunawa. In an auna marasa lafiya Litinin, lafiyayyu Alhamis, to ranar kwamfutar ta haddace, ba cutar ba.