Kafin Ka Biya Ejan: Amsoshi Ga Injiniyoyi Masu Neman Aiki a Ƙasar Waje

Saƙonnin wannan makon sun fi zuwa daga Bauchi da Gombe, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke: mutum yana riƙe da takardar injiniya ta gida, yana son sanin ko za ta karɓu a waje, da kuma inda ya dace ya sa kuɗinsa.

Daga Yelwa, Bauchi: "Na gama digirin injiniyan gine-gine a ATBU, ina da rajistar COREN, shekarata 32, na yi shekara takwas ina aiki da wani ɗan kwangilar hanyoyi. Ostireliya nake so. Na ji an ce Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Washinton. Wani ejan kuma ya ce in biya shi ya rubuta min CDR. In biya?"

Injiniya, kada ka biya. Amma bari mu fara da batun yarjejeniyar, don nan mutane da yawa ke ruɗewa. An ƙulla ta a 1989 tsakanin hukumomin tantance kwasa-kwasan injiniya, domin kowace ta amince da digirin da 'yar'uwarta ta tantance. A 2023 COREN, hukumar da ke kula da sana'ar injiniya a Najeriya, ta samu shiga a matsayin mamba ta wucin gadi, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai matsayin wucin gadi ba ya sa a amince da digiri. Engineers Australia, wadda ita ce ke tantance injiniyoyi masu neman hijira, tana karɓar digiri ta wannan hanya ne kawai idan an kammala shi a shekarar da ƙasar ta zama cikakkiyar mamba ko bayanta. Kai ka gama tun kafin nan, saboda haka hanyarka ita ce CDR. Rajistarka ta COREN za ta ƙara wa takardunka nauyi, amma ba ta ɗauke maka wannan aikin ba.

CDR rahoto ne da kake nuna ƙwarewarka. A ciki akwai labaran aiki guda uku, kowanne daga kalma 1,000 zuwa 2,500, da taƙaitaccen jadawali mai danganta kowace ƙwarewa da ake nema da lambar sakin layin da ka nuna ta, da shafi guda na kwasa-kwasai da tarukan ƙara sani da ka halarta, sai tarihin aikinka. Dole ka sa wa kowane sakin layi lamba, in ba haka ba jadawalin ba zai haɗu ba.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne kawaici. An tashe mu a kan cewa "mun yi", "kamfaninmu ya gina". Mai tantancewa ba kamfanin yake aunawa ba, kai yake aunawa. Idan kwalbati ce ka yi aikinta, faɗi yadda kai ka lissafa yawan ruwan da zai bi ta cikinta a tsakiyar damina, dalilin da ya sa ka zaɓi wannan faɗin, girman rodin da ka sa da tazarar da ka bari, ƙa'idar da ka bi, da abin da ka yi ranar da gwajin kankare ya fito ƙasa da ƙarfin da ake so. Matsalar da ta taso da yadda ka warware ta, nan ne makin yake. Labarin da komai ya tafi sumul ba ya nuna komai. An yarda ɗaya daga cikin ukun ya zama aikin binciken da ka yi na kammala digiri, amma mai shekara takwas a fagen aiki ya fi masa kyau ya kawo ukun daga ayyuka daban-daban.

To, ejan bai taɓa tsayawa a bakin wannan kwalbatin ba. Abin da zai yi shi ne ya ɗauko tsohon rahoton wani, ya canja suna da gari. Engineers Australia tana bin rahotanni da manhajar gano satar rubutu, kuma ƙa'idarta ta hana wani ya rubuta maka. Wanda aka kama ana watsar da buƙatarsa, a hana shi sake nema na shekara guda ko fiye, kuma ana iya miƙa sunansa ga ma'aikatar harkokin cikin gida ta ƙasar, wadda ita ce mai ba da biza. Cinikin biri a sama ne, kuma sunanka ne a kan takardar, ba na ejan ba.

Inda kuɗin nan zai amfane ka shi ne jarrabawar Turanci, wato IELTS. Da maki Ostireliya ke auna masu neman bizar ƙwararru, to duba lissafinka. Shekara 25 zuwa 32 maki 30 ne. Digiri maki 15. Aikin shekara takwas a wajen ƙasar maki 15. Jimilla 60, alhali mafi ƙarancin da ake shiga layi da shi 65 ne. Maki 6 a kowane ɓangare huɗu na IELTS ya isa a duba CDR ɗinka, amma a lissafin biza ba ya ƙara maka ko ɗaya. Bakwai a kowane ɓangare zai ba ka 10, takwas kuma 20. Ranar da ka cika 33 makin shekarunka zai sauka zuwa 25, saboda haka lokaci ba a hannunka yake ba. Idan wata jihar Ostireliya ta gabatar da kai a bizar 190 za a ƙara maka 5, a bizar 491 ta yankunan da ke wajen manyan birane kuma 15. Kuma 65 ɗin ƙofa ce kawai, masu maki mafi yawa ake fara gayyata.

Makin aikin nan 15 shi ma sai da hujja. Wasiƙar wurin aiki ta zo a kan takarda mai tambarin kamfani, da ranar farawa, da awannin aiki a mako, da manyan ayyukanka, da sa hannu da lambar wanda za a tuntuɓa. Sannan ana son shaida daga wani ɓangare da ba kamfanin ba: bayanan asusun fansho, takardar haraji, bayanin banki mai nuna shigar albashi. Wanda ake biya a hannu, kamar yadda 'yan kwangila da yawa ke yi, yakan rasa shekarun nan gaba ɗaya. Ka zauna da maigidanka tun yanzu a mayar da albashinka ta banki.

Daga Tumfure, Gombe: "HND gare ni a fannin lantarki. An ce ba a karɓar ta."

Ana karɓa, ɗan'uwa, sai dai a wane mataki. Bayan matakin cikakken injiniya, wanda ake aunawa da digirin shekara huɗu, akwai na masanin fasahar injiniya da ake aunawa da karatun shekara uku, da na mataimakin injiniya da ake aunawa da babbar difloma ta shekara biyu. Shawararmu ka karanta ƙwarewar da ake nema a matakan nan biyu, ka zaɓi wanda aikinka na yau da kullum ya fi kama da shi, ka rubuta labaranka a kansa. Mai HND da ya nace wa matakin sama yana sa kuɗinsa a haɗari, don mai tantancewa ne ke da magana ta ƙarshe.

Daga wata injiniyar ruwa a Gombe: "Na tara kuɗin WES don Kanada. Idan sun tantance digirina, na zama injiniya a can? Kuma a takardar sakandarena sunan mahaifina Mohammed ne, a fasfo Muhammad."

Hajiya, abubuwa biyu ne daban. Rahoton WES, wato cibiyar da ke tantance takardun karatun ƙasashen waje, yana gaya wa hukumar shige da fice cewa digirinki daidai yake da wane mataki a Kanada, don a lissafa miki maki a tsarin Express Entry na ɗaukar ƙwararru masu neman zama a ƙasar, kuma yana aiki tsawon shekara biyar. Lasisin injiniya kuwa kowane lardi ne ke bayar da nasa: PEO a Ontario, APEGA a Alberta. Su za su sake duba karatunki da kansu, su auna ƙwarewar aikinki, ki rubuta jarrabawar doka da ɗa'ar sana'a, wani lokaci har da jarrabawar fanni. Kafin lasisin ya fito doka ba ta ba ki damar kiran kanki injiniya mai lasisi ko sa hatimi a kan zane ba, amma kina iya aiki a ƙarƙashin mai lasisi. Abin farin ciki, tun 2023 PEO ta daina sharɗanta cewa sai mutum ya yi aiki a cikin Kanada tukuna.

Ki kula da abu biyu wajen kashe kuɗi. Express Entry ba ya karɓar IELTS ta masu neman karatu, ta gama-gari yake so, kuma sakamakon shekara biyu kawai yake yi. Takardar sakamakon darussanki kuma jami'a ce za ta aika wa WES kai tsaye, ba ke ba, kuma wannan matakin ne ya fi cin lokaci. Ki fara da shi, ki bar jarrabawar sai ya kama hanya, don kada wa'adinta ya riƙa tafiya kina zaune.

Batun suna kuwa, kada ki raina shi. Mohammed da Muhammad, ko sunan gari da aka liƙa a wata takarda aka bari a wata, duk ɗaya ne a wurinmu, amma ba ɗaya ba ne a wurin ma'aikacin da bai san mu ba. Ki ɗauki rubutun fasfo a matsayin tushe, ki je babbar kotu ki yi takardar rantsuwa mai jero duk rubutun sunan da ke takardunki, ki haɗa ta da kowace buƙata tun farko.

Daga wani uba a Azare: "Zan tura yarona karatun injiniya waje. An kawo min makarantu a Malesiya, Indiya da Turkiyya. Wacce zan zaɓa?"

Baba, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Duka ƙasashen uku cikakkun mambobi ne na Yarjejeniyar Washinton: Malesiya tun 2009, Turkiyya tun 2011, Indiya tun 2014. Amma ba ƙasa ake tantancewa ba, ba ma jami'a ba. Kwas ake tantancewa, ɗaya bayan ɗaya, na wasu shekaru ƙayyadaddu. A jami'a guda sai ku tarar kwas ɗin injiniyan kanikanci yana cikin jerin, na gine-gine ba ya ciki. Kafin ku biya ko sisi, ku sa yaron ya buɗe jerin hukumar ƙasar da kansa: BEM a Malesiya, MÜDEK a Turkiyya, NBA a Indiya, inda makarantun rukuni na ɗaya kaɗai yarjejeniyar ta shafa. Ya duba sunan kwas ɗin harafi da harafi, da harabar da zai zauna, da shekarun da tantancewar ta ƙunsa. Maganar mai kawo makaranta ba hujja ba ce, domin shi kamasho yake ci a kan kowane ɗalibi.

Kuma digirin farko ne abin dubawa. Masu yin digirin farko a gida su je Malesiya digiri na biyu sukan ɗauka sun shiga yarjejeniyar, alhali CDR na nan tana jiransu. Idan kuma yaron gida zai dawo, ku tabbatar tun yanzu cewa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta san makarantar, domin sai ta tantance takardarsa kafin ya tafi bautar ƙasa, daga nan ya nemi rajistar COREN.