Laftop na sanƙarewa in an ɗauke wuta, shin SSD ɗin ne ya mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'ar Ɗanfodiyo, ina aji huɗu. Laftop ɗina Ubuntu ke ciki, diskin ajiyarta kuma SSD ne irin NVMe. Duk sadda anka ɗauke wuta ta koma kan batir, bayan ɗan lokaci sai ta sanƙare, in na je ajiye fayil ta ce read-only, sai na danne maɓalli ta mutu sannan ta dawo daidai. Mai gyara ya ce diskin ya mutu ko bairos ne, in kawo a yi fomat. Furojet ɗina duk na ciki, Malam, hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumussalam ƙanena. Kwantar da hankalinka, kuma kada ka kai ta wurin fomat ɗin nan. Yau ɗin nan, caja na jone, ka kwashe furojet ɗinka zuwa filash, ka kuma tura wa kanka ta imel, sannan mu yi maganar gyara.

Abin da ka faɗa na cewa sai kan batir take yi, shi ya nuna mani inda ciwon yake. Tun kanel 4.11 a 2017 (kanel shi ne zuciyar Linux, wanda Ubuntu ke kanshi) Linux ke kunna APST, wato a bar SSD ya shiga barci mai nauyi da kanshi in ba a aiki da shi, ga kuma ASPM da ke rage wutar layin PCIe da SSD ke jone a kai. In kana da TLP, manhajar tattalin batir, da an cire caja yake ƙara matse waɗanga abubuwa. To wasu SSD, saboda kuskure a ƙaramar manhajar da kamfani ya sa musu a ciki, in sunka shiga barcin ba su farkawa in an kira su, kanel ya jira ya gaji ya ce diski ya ɓace, ext4, tsarin da ke jera fayiloli a diskin, kuma ya kulle rubutu don kada ya ɓata maka fayil. Shi ne read-only ɗin da kake gani.

Kada ka dogara da journalctl, mai nuna labarin abin da ya faru a na'ura, bayan ka sake kunnawa, sau da yawa ba ka iske komai, don diskin da za a rubuta labarin a kanshi shi ne ya ɓace. Buɗe taminal ka sa sudo dmesg -w, mai nuna saƙonnin kanel kai tsaye, ka bar shi a buɗe, cire caja, ka jira, in ta sanƙare ka ɗauki hoton sikirin da waya. In ka ga controller is down; will reset tare da CSTS=0xffffffff, to magana ta fito. Shiga /etc/default/grub, a layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT ka ƙara nvme_core.default_ps_max_latency_us=0, ka yi sudo update-grub, ka sake kunnawa ka yi aiki kan batir kamar yadda ka saba. In bai daina ba sannan ka ƙara pcie_aspm=off. Ɗaya bayan ɗaya don Allah, in ka zuba su tare ba ka sanin wane ne ya yi magani.

Yanzu maganar fomat, don ita ce ke ci mani rai kullum a shago. Mutum bai buɗe dmesg ba, bai duba smartctl mai gwada lafiyar diski ba, bai ma tambaye ka yaushe take sanƙarewa ba, daga jin ta tsaya sai ya ce diski ya mutu, a goge. Wane irin diski ne ke mutuwa kan batir ya tashi lafiya lau kan caja? Fomat na goge abin da ke rubuce ne kawai, ba ya taɓa manhajar cikin SSD, ba ya canza yadda kanel ke sa shi barci, in an maida Ubuntu iri ɗaya ciwon na nan yana jiranka ranar da anka sake ɗauke wuta. Abin da ke ƙara ruɗa mutane, wani lokaci in sunka sa Windows sai matsalar ta lafa saboda direban can daban yake tafiyar da barcin, mai gyara ya bugi ƙirji ya ce ai na faɗa maka bairos ne, alhali bai san mi ya faru ba. Kuma mutane na ɗauka SSD kamar tsohon had diski ne, in an goge a nemo da manhajar dawo da fayil. Ba haka ba ne wallahi. Wurin fomat ana aika wa SSD umarnin TRIM, mkfs.ext4, umarnin yin fomat a Linux, da kanshi yake yin haka ba sai an ce mashi ba, daga nan SSD ya share wuraren da gaske. Ɗalibai na shigo mani da hawaye, aikin shekara guda ya tafi, ga kuɗin fomat an karɓe, wani har an sayar mashi da sabon diski an riƙe tsohon mai lafiya. Wanga ba gyara ba ne, cin amanar wanda ya kawo maka kayanshi ne, kuma wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, ai ba abin kunya ba ne.

Don ka cire shakka ka sa sudo smartctl -a /dev/nvme0 ka duba Media and Data Integrity Errors da Critical Warning. In sifili ne, ba alamar mutuwa. Unsafe Shutdowns kam za ka gan shi da yawa saboda danne maɓallin da kake yi. Duba zafin ma, zafin Sakkwato a Afrilu ba wasa ba ne, amma zafi yawanci rage gudu yake sa wa, kuma ba ruwanshi da an cire caja ko ba a cire ba.

Ka sani in ka kashe APST batir zai riƙa ƙarewa da ɗan sauri. In ta zauna lafiya, gwada 5500 maimakon 0 a layin nvme_core ɗin nan, yana hana barci mafi nauyi ya bar marar nauyin. Ka kuma gwada fwupdmgr get-updates ko akwai sabuntawar BIOS ko ta SSD, amma kada ka sabunta sai batir cike, caja jone. Turo mani hoton dmesg ɗin da sunan SSD daga sudo nvme list in duba.