Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya ko Turanci dole ne

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, sai da na karanta tambayarka sau biyu kafin na iya rubuta komai, domin abin da ka faɗa, cewa ka iya aikinka amma duk ƙofar da ka nufa sai a tare ka da Turanci, har ka fara tambaya ko harshen nan wajibi ne ko kuwa ganin dama, shi ne ya hana ni barci shekara da shekaru.

Ni ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne, kuma ina cikin shekara ta tara a bakin aiki aka samu gurbin ƙaro ilimi guda ɗaya, aka kira mu ganawa gaban kwamitin mutum uku. Shugaban kwamitin ya ce in bayyana da Turanci yadda ake gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jini, abin da ko daga barci aka tashe ni zan yi shi ba tare da kuskure ba. Na buɗe baki, kalmomin suka watse, na yi ta maimaita jimla ɗaya gumi yana keto mini. Sai mutumin nan ya cire tabarau, ya dubi na kusa da shi, ya ce a hankali kamar mai yi wa yaro magana, wanda bai iya bayyana aiki ba bai kamata ya ce ya san aikin ba. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya. Har yau ina jin ƙarar biron da yake ƙwanƙwasa tebur da shi yana jiran in gama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, shugaban nan shi ne yake sa a kira ni cikin dare idan na'ura ta tsaya, kuma bai taɓa tambayata da wane harshe na tayar da ita ba. Aka ba wani yaro gurbin, yaron da ni na koya masa riƙon allura. Ban taɓa ƙullatar yaron ba, Allah ya sani, amma shi shugaban, na daɗe ina roƙon Allah ya cire mini shi daga zuciya.

Na yi kusan shekara biyu ina gaba da harshen, ina tara hujjoji, kuma hujjojin gaskiya ne. Mutanen duniya sun haura biliyan 8, masu jin Turanci kuwa kimanin biliyan ɗaya da rabi ne, wato mafi yawan 'yan Adam suna noma, suna ciniki, suna tarbiyyar 'ya'yansu ba tare da shi ba. Tu Youyou, matar ƙasar Sin da ta gano sinadarin atemisinin wanda ake haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro da shi, a ƙasarta ta yi karatunta kaf, kuma ta karɓi lambar yabo ta Nobel a shekarar 2015. Japan da Koriya ta Kudu da harsunansu suke koyar da kimiyya. Sai dai daga baya na yarda da abin da nake kauce wa, cewa waɗannan ƙasashe sun zuba dukiya sun rubuta littattafan likitanci da injiniyanci da harsunansu, ni kuwa littattafan sana'ata duk da Turanci suke zuwa hannuna.

Ranar da taurin kaina ya karye, sabuwar na'ura aka kawo mana ƙirar Jamus, littafin bayaninta da Turanci, injiniyan da ya zo haɗa ta kuma ɗan ƙasar Sin ne. Turancinsa bai kai nawa ba, amma ya yi maganarsa ba ko ɗar, muka fahimci juna, aka gama aiki, babu wanda ya yi masa dariya. A nan na gane cewa yawancin masu magana da Turanci koyonsa suka yi kamar ni da kai, tun da waɗanda suka tashi da shi a baki ba su wuce kimanin miliyan 400 ba.

To, amsata ita ce ka dubi ƙofar da kake son shiga. Akwai inda babu zaɓi ko kaɗan. Tun shekarar 2008 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya ta wajabta wa matuƙan da ke ƙetare ƙasashe da masu ba su umarni daga hasumiya su kai aƙalla mataki na huɗu cikin shida a Turanci, saboda kuskuren kalma ɗaya na iya cin rayuka. Mafi yawan binciken kimiyya da shi ake bugawa, kusan rabin shafukan intanet ma da shi aka rubuta su. Idan kuwa harkarka ba ta bi ta waɗannan hanyoyi ba, kada wani ya sa ka ji kamar kai ragowar mutum ne.

Kada ka fara da littattafan nahawu, ni sun ɓata mini wata shida. Ka ɗauki takardun sana'arka ka riƙa karanta su da ƙarfi, ka naɗi muryarka a waya ka saurara, ko da za ka ji kunyar kanka. Manhajojin fassara za su taimake ka wajen karatu da rubuta wasiƙa, amma ba za su shiga ɗakin ganawa su amsa maka tambaya ba. Idan jarrabawar IELTS, wato ta gwada iya Turanci don karatu ko aiki a ƙasashen waje, ce a gabanka, kada ka yi gaggawar zama, domin sakamakonta shekara biyu kawai ake karɓarsa. Wani abu kuma da nake nadama, haushin abin da aka yi mini ya sa na hana 'yata ta fari magana da harshenmu a gida, sai ga shi ta tashi ba ta iya hira da kakarta yadda ya kamata, alhali tun 1953 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshen uwa. Ƙannenta ban yi musu haka ba, kuma Turancinsu bai gaza nata ba.

Shekara huɗu bayan waccan ganawa na tsaya a wani taron bita na yi bayani na minti ashirin da Turanci, da kurakuraina da komai, shugaban nan yana zaune a sahun gaba. Da aka tashi ya miƙo mini hannu, da alama ma bai tuna abin da ya faɗa mini ba, ni kuwa hannuna rawa yake yi. Ba ka faɗi sana'arka ba a tambayar, don Allah ka faɗa mana, wataƙila a cikinmu akwai wanda ya bi ta hanyar da kake kai.