Shinkafar da ta ƙi tashi duk da an zuba mata taki

Malam, ka ce shinkafarka a fadamar Argungu ta tsaya cak makonni uku bayan dashe, ganyen ƙasa suna fitar da ɗigo-ɗigo launin tsatsa, alhali ka zuba kamfa da yuriya. Wannan alama ce ta ƙarancin sinadarin zinki, kuma ƙara yuriya ba zai magance ta ba. Shuka kaɗan take bukata daga zinki, amma da shi take haɗa sinadaran da ke miƙar da kara da faɗaɗa ganye, shi ya sa idan ta rasa shi take tsugunewa, ta rage 'ya'ya, gona ta zama nan dogo can gajere. Takin kamfa, wato NPK 15-15-15, ba ya ɗauke da zinki. Ka nemi zinki salfet, wato takin da ke ɗauke da zinki, a shagon kayan noma, ka narkar da giram 5 a kowace lita ta ruwa, ka fesa wa ganyen da yamma, ka maimaita bayan kwana 10.

Sai dai ka duba ruwan gonar tukuna, domin ƙasar da ruwa ya daɗe kwance a kanta tana riƙe zinki ta hana saiwa sha. Na ga haka a gonata a noman rani, inda kwarin da ruwa ke taruwa ne kaɗai ya yi tsatsa, kuma da na janye ruwan na 'yan kwanaki sabon ganye ya fito kore shar. Idan kuwa sabon ganyen sama ne ke yin fari-fari, jijiyoyinsa suna nan kore, to sinadarin ƙarfe ya rasa, kuma maganinsa daban ne.